Shekara Biyar da Kawu Ya Ƙara wa Yero

Akwai wani akawu a Tudun Wadan Zariya, a shekarar 1955, sunansa Yero. A gidan ubansa shekarunsa ashirin da takwas, amma a ofishin gwamnati shekarunsa talatin da uku.

Ba shi ya jawo wa kansa wannan ba. Kawunsa Nagoda ne ya kai shi neman aiki yana ɗan shekara goma sha shida, dogo zanƙalele kamar dalar gyaɗa za a sa shi tarawa. Da Baturen ofishin ya tambayi shekarunsa, kawu bai ko ƙifta ido ba ya ce ashirin da ɗaya, don ya ji an ce ba a ɗaukar yara. Aka buga 1922 a shafin farko na fayil ɗinsa, aka nuna masa inda zai sa hannu, ya sa.

A wancan zamani wannan ba abin mamaki ba ne. Wa ke da takardar haihuwa? Rabin ma'aikata shekarunsu na kintace ne, a dubi gemunka a yanka maka abin da ya dace da kai.

Shekara goma sha biyu Yero yana aiki, bai taɓa tunawa da biyar ɗin nan ba. Ya ƙware a tafireta, Turancinsa ya nuna, har aka damƙa masa makullin kabad ɗin da ake ajiye fayilolin ma'aikata.

Ranar wata Litinin cikin bazara, jakar wasiƙu ta iso daga Kaduna da wata sanarwa. Gwamnatin Jihar Arewa za ta buɗe kwas na wata tara don horar da akawuna 'yan Arewa. Wanda ya ci, ya bar bugun tafireta ke nan, zai dawo da muƙamin jami'i. Kowane ofis zai aika da sunan mutum ɗaya cikin kwana goma.

Yero ne ya manna sanarwar a allo da hannunsa. Yana karantawa zuciyarsa na tsalle, don duk ofishin an san babu wanda ya kama ƙafarsa a aiki. Sai da ya zo layi na ƙarshe ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Mai nema kada ya wuce shekara talatin.

Ya koma kujerarsa ya zauna. Sanarwar ba ta ce za a sake yi baɗi ba. In wannan ta wuce shi, wataƙila a kan tafiretar nan zai yi furfura, alhali shi bai kai talatin ɗin ba.

A ofishin akwai wani akawu mai suna Kailani, maƙwabcin Yero ne a Tudun Wada, masallacinsu ma ɗaya. Irin mutanen nan ne da bakinsu ya fi hannunsu aiki. In ya fara yi maka bayani, sai ka ba shi kekenka ka yi masa godiya. Shi shekarunsa talatin da ɗaya ne cif, ba a ƙara masa ba, ba a rage masa ba.

Da aka fita hutun karin kumallo, Kailani ya ja Yero gindin wata bishiya a bayan ofis. Ya ce ya san damuwarsa, kuma maganinta na cikin aljihunsa. Ya fito da sabuwar reza a takardarta. Ya ce aikin minti biyu ne: a kankare lamba ɗaya a hankali, a goge wurin da farce, a mayar da takardar cikin tafireta a buga wata. In Yero ya gyara nasa, sai ya taimaka ya gyara na maƙwabci, su shiga takara tare, mai rabo ya samu.

Yero ya ce wannan ai ha'inci ne.

Kailani ya yi dariya ya ce, "Nawa ne ha'inci, na yarda. Kai kuwa gaskiya za ka mayar mazauninta. Ƙarya ce fa a rubuce a can, Malam Yero. Tun yaushe goge ƙarya ya zama zunubi?"

Ya zura masa rezar a aljihu ya yi gaba abinsa.

Maganar nan ta kama Yero, don ya juya ta ta kowane gefe bai ga inda ta karkace ba. Kwana biyu yana yawo da reza a aljihu. Abinci ya daina yi masa daɗi, wasiƙa ɗaya sai ya buga ta sau uku.

Ranar Laraba, da kowa ya fita karin kumallo, ya zauna shi kaɗai. Ya buɗe kabad, ya zaro fayil ɗinsa, ya shimfiɗa a tebur. Ga 1922 nan tana kallonsa. Ya ɓare rezar, ya kai bakinta kan lambar ƙarshe.

Sai ya ji takun takalmi a baranda.

Babu wanda bai san wannan takun ba. Mista Chike ne, babban akawun ofishin, mutumin Kudu da ya shekara ashirin da huɗu a Arewa, Hausa a bakinsa kamar a Sabon Gari aka yanke masa cibiya. Ba ya dariya a ofis, ba ya karɓar ko goro daga hannun na ƙasa da shi. Ya kori mutum biyu a kan makara, kuma har yau ana ba da labarin.

Yero ya danne rezar da tafin hannu har ta ɗan yanke shi. Mista Chike ya leƙo, ya dubi fayil, ya dubi Yero, ya tambaye shi ko an gama buga jerin masu zuwa hutu. Yero ya ce saura kaɗan. Mista Chike ya wuce.

Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya mayar da fayil yadda yake, ya kulle kabad. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne: in gaskiya yake mayarwa mazauninta, me ya sa ya ɓoye hannunsa kamar ɓarawo?

Bayan la'asar ya tafi wurin mahaifinsa, Malam Modibbo, wanda ke karantar da manya a zauren gidansa. Tsohon bai taɓa son aikin Nasara ba, haƙuri kawai ya yi da shi. Kuma bai san abin da kawu ya faɗa ba, ga shi kawun ya riga mu gidan gaskiya. Yero ya jira ɗalibai suka watse, ya durƙusa ya kwashe komai ya faɗa, har da rezar.

Modibbo ya saurare shi har ya gama. Can ya miƙa hannu ya jawo wata tsohuwar gafaka, ya fito da wani littafin fiƙihu rubutun hannu, ya buɗe bangon baya. Al'adar gidajen malamai ce, duk ɗan da aka haifa a rubuta shi a nan. Ga sunayen 'ya'yansa a jere da tawadarsa, rayayyu da matattu. Ya ɗora yatsa a kan layi na huɗu: Yero, watan Sha'aban, shekara ta 1345 ta Hijira. A lissafin Bature, farkon 1927 ke nan.

Ya ce, "Ƙaryar farko kana yaro aka sa ka. Wannan ta biyu kai za ka yi ta da girmanka. Gobe ka je ka faɗa wa shugabanka."

Yero ya ce, "Baba, in na faɗa, za su iya korata. Hannuna na kan takardar."

Modibbo ya ce ya sani. Ya ƙara da cewa littafin nan ba ya barin hannunsa, don haka shi da kansa zai kai shi.

Washegari da safe mutanen unguwa suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Malam Modibbo da sandarsa da gafaka a hammata, ɗansa na biye da shi yana tura keke. Sai da suka biya wurin alƙali tsohon ya rantse a kan rubutunsa, aka ba su takarda da hatimi, sannan suka nufi ofis. Yero ya ga mahaifinsa ya tuɓe takalmi a ƙofar ofishin da bai taɓa takawa ba, sai ƙwalla ta cika masa ido.

Mista Chike ya miƙe ya ba tsohon kujera. Ya saurara har ƙarshe, ya karanta takardar alƙali sau biyu. Sannan ya yi magana da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka. Ya ce shi ba shi da ikon taɓa ranar haihuwar kowa, sai Kaduna. Ya ce dokar aiki ta tanadi kora ga wanda ya ba da bayanin ƙarya ranar ɗaukarsa, kuma dole ya rubuta ya sanar da su. Kafin amsa ta zo, ba zai iya aika sunan Yero kwas ba.

Yero ya fito. A ransa ya ce dama me yake tsammani? Kwas ɗin nan ai don a maye gurbin irin su Mista Chike aka ƙirƙiro shi. Ga shi ya kai wuyansa da kansa ya miƙa wa mai wuƙa.

Ranar da aka tattara fom, Yero ya ga na Kailani a kan tebur. An rubuta shekara ashirin da tara. Ya lallaɓa ya buɗe kabad ya duba fayil ɗin Kailani: 1924 ta koma 1926, aiki tsaf, sai mai neman aibu ne zai gane.

Nan take ya gano yadda aka yi. Saboda zafin bazara, yakan cire kwat ɗinsa ya rataye a ƙusa in zai fita karin kumallo, makullin kuwa a aljihun kwat ɗin yake kwana yake tashi.

A nan ne Yero ya yi nasa kuskuren, kuma ba zan ɓoye muku shi ba. Ya yi shiru. Ya ji tsoron a ce hassada ce ta sa shi tona asirin maƙwabci don shi bai samu ba. Ya rufe fayil ya mayar, ya ce wa kansa ba ruwansa.

Aka aika sunan Kailani, Kaduna ta amsa. Ranar tafiya rabin unguwa suka raka shi tashar jirgin ƙasa, da sabon akwatin ƙarfe da sabuwar hula. Da ya zo sallama da Yero, ya matse masa hannu ya ce masa a kunne, wai in ya dawo da muƙami zai tuna da shi.

Abokan hira a ƙofar masallaci kuwa suka samu abin yi. Suka sa wa Yero suna Dattijo. In ya zo a matsa masa a tabarma, wai kada tsoho ya tsaya. Wasu suka ce masa a fuska wauta ya yi, makulli a hannunsa ya je yana kai ƙarar kansa. Yakan yi murmushi, amma abin yana ci masa rai ƙwarai.

Mako shida ana haka. Duk ranar da jakar wasiƙu ta iso, sai ya bi ta da ido, don bai san wadda ke ɗauke da takardar korarsa ba.

Wasiƙar da ta zo kuwa ba tasa ba ce. Ashe duk wanda aka ɗauka aiki, ana aika kwafin shafinsa na farko Kaduna tun ranar. Wani akawu a can ya gwada fom ɗin Kailani da kwafinsu, ya ga shekara biyu sun yi ɓatan dabo. Aka sa Kailani a jirgi aka dawo da shi, aka ce ofis ya binciko wanda ya taɓa fayil ɗin gwamnati.

Aka kira su ofishin Bature, su biyu, Mista Chike na tsaye a gefe. Kailani ya rame, hular nan ma ba ta kansa. Da aka tambaye shi, bakin nan nasa bai ba shi kunya ba. Ya ce shi bai taɓa riƙe makullin kabad ba, kowa shaida ne. Ya ce Yero ne ya yi masa tayin gyaran saboda maƙwabtaka, shi kuma ya yi kuskuren yin shiru.

Yero ya ji ɗakin yana juya masa. Maganar ta zauna daram, don makulli ɗaya ne, kuma a wurinsa yake. Ga shi dama yana da wata magana ta shekaru a gaban Kaduna. Wa zai yarda da shi?

Bature ya juyo ya tambaye shi, ko ya san an taɓa fayil ɗin kafin yau.

Da ya ce bai sani ba, da babu mai ƙaryata shi. Amma Yero ya ce ya sani. Ya faɗi zancen rezar, da kwat ɗin da yake ratayewa a ƙusa, da ranar da ya gani ya yi shiru, da dalilin shirun. Yana faɗa yana ganin fuskar Bature tana ƙara ɗaurewa. Da ya gama, Bature ya ce shi bai ga hanyar raba mai gaskiya da maƙaryaci a nan ba, mafi sauƙi su tafi su biyun. Ya jawo takarda ya cire murfin alƙalami.

Sai Mista Chike ya nemi izini a ba shi minti biyar.

Ya sa aka kwaso fayilolin ofishin gaba ɗaya. Ya ɗauki shafin farko na Kailani ya je bakin taga ya ɗaga shi a rana. Inda aka kankare takardar ta yi siriri, haske ya ratso ta wurin kamar ƙwayar gero. Ya nuna wa Bature. Sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa yana ajiyewa, ɗakin tsit sai ƙarar takarda. Na Yero ya bari a ƙarshe.

Ya ɗaga shi ya daɗe yana dubawa. Babu inda haske ya ratso. Lambar 1922 tana nan yadda aka buga ta shekara goma sha biyu da suka wuce.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan ya fi kowa buƙatar a kankare masa lamba. Makulli na aljihunsa, kuma shekarun da zai rubuta su ne na gaskiya. Na taɓa samunsa da fayil ɗin nan a buɗe, shi kaɗai a ɗaki, na kuma ga abin da ya danne da hannunsa. Bai yi ba. Tsohon mahaifinsa ya ɗauko ya kawo mini, ya san zan iya sa a kore shi. Wanda ya ƙi yi wa kansa, ban ga abin da zai sa ya yi wa wani ba."

Bature ya karɓi fayil ɗin Yero ya buɗe. A ciki ya tarar da kwafin wasiƙar da Mista Chike ya aika Kaduna, ya karanta ta a fili. Bayan bayanin laifin, babban akawu ya rubuta cewa a duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin ma'aikacin da ya kawo ƙarar kansa ba sai wannan, yana roƙon a gyara masa shekaru, kada a kore shi.

Yero ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, don mako shida ya yi yana zagin mutumin nan a zuci.

Bature ya juya kan Kailani ya sake tambayarsa. Wannan karon bakin ya ƙi buɗuwa. Ranar aka sallame shi daga aiki, kuma bai ƙara wata guda a Tudun Wada ba ya kwashe iyalinsa ya bar gari.

Kada ku ɗauka Yero ya fita salin alin. An ba shi takardar gargaɗi saboda sakaci da makulli da kuma shirun da ya yi, aka karɓe makullin aka ba wani. Gurbin ofishinsu a kwas ɗin ya tafi a banza, kwas ya ci gaba babu shi. Ya koma kan tafiretarsa, har yanzu bai san abin da Kaduna za ta yanke a kansa ba.

Sai da damina ta yi nisa amsar ta zo. Mista Chike ya kira shi, ya buɗe fayil a gabansa, ya ɗauko rula da jar tawada. Ya ja layi ɗaya siriri a kan 1922, yadda kowa zai iya karanta ta. Ya rubuta 1927 a samanta, ya sa lambar wasiƙar Kaduna a gefe, ya sa hannu.

Ya ce, "Haka ake gyara, Malam Yero. Duk wanda ya buɗe ya ga kuskuren, ya ga gyaran, ya ga wanda ya yi shi."

Da bazara ta zagayo, wata sanarwar ta sake zuwa da sharaɗi iri ɗaya. A gidan ubansa Yero yana da shekara ashirin da tara, a ofishin gwamnati ma ashirin da tara. Mista Chike ya karɓi fom ɗinsa ya sa hannu, ya ce ya yi sauri ya kai kafin a rufe jakar wasiƙu.

Darasi: Gaskiyar da sai ka ɓuya za ka tsayar da ita, ka sake duba hanyar da ka bi. In akwai kuskure a takardunka na aiki, ka bi ta ƙofa a gyara maka ko da za ka rasa damar bana, domin ranar da za a ɗaga takardarka a haske tana nan tafe. In kuma ka ga ana ɓarna a inda aka ba ka amana, shirunka ma laifi ne. Ku tura wa 'yan'uwa ma'aikata wannan labari, wataƙila akwai mai reza a aljihu da yake buƙatar karanta shi yau.